Mahauci a Gaban Allo

Shekara talatin da huɗu a mayankar Oko-Oba
ina ciro zukatan shanu, har na bar ƙidaya.
Na san nauyin zuciya a tafin hannu,
na san farin kitsen da ke naɗe mata wuya,
ɗakunanta huɗu, da 'yan zaruruwan ciki
da mai saye ke cewa a cire kafin a soya.
Amma mai motsi ban taɓa gani ba.
Duk wadda ta iso hannuna ta riga ta sallami duniya.

Ran wata Talata, a tsakiyar gadar ƙafa ta Oshodi,
aka aza mini dutsen niƙa a ƙirji.
Zufa ta karyo, hannun hagu ya ƙi ni,
hon ɗin danfo ya koma can nesa, kamar daga rijiya.
Na tuna Baba Jatau da butarsa a hannu,
yadda ya kife bai gama alwala ba.
Aka ce iska ce, aka ce jifa ne,
aka ce kwana ya ƙare.
Na ƙarshen ne kaɗai gaskiya.

A asibitin Idi-Araba na haɗu da Dakta Morenike,
wadda ta tsinci Hausa a Gusau, wajen bautar ƙasa.
Ta shafa mini wani mai mai sanyi,
ta juyo da allo ta ce, "Baba, ga zuciyanka."
Ban gyara mata ba.
Ga ta nan, baƙi da fari, tana dunƙulewa tana saki,
ƙofofinta na tafi kamar 'yan mata a gaɗa.
Shekara sittin tana mini aiki cikin duhu,
ban taɓa ce mata sannu ba, ko sau ɗaya.

Na zaci za a tsaga ni yadda nake tsagawa.
Ashe ta wuyan hannu za a shiga,
idona biyu, ina jin hirarsu.
Siririyar waya ta bi jijiya har gida,
aka saki ruwa mai launi, sai ga saiwoyi sun bayyana,
ɗaya ta shaƙe kamar kwalbatin Agege da damina.
Aka hura ɗan balan-balan a ciki,
aka bar wata ragar ƙarfe
da ba ta fi tsinken tsire kauri ba.
Dutsen ya sauka. Na ja numfashi har cibiya.

Kuɗin fa? Kada ka tambaya.
Bijimai uku suka tafi, ƙungiyar mahauta ta yi karo-karo.
Sikiru direba, maƙwabcin gadona,
ciwonmu ɗaya, allonmu ɗaya,
ya ninke takardar kuɗi huɗu, ya sa a aljihu,
ya ce zai dawo bayan salla.
Har yau in na ga danfo, fuskar direba nake dubawa.

Da suka ce suna bincike
kan abin da ya sa hawan jini ke kama mu da wuri,
suna neman jini kwalba guda,
na miƙa hannu ina dariya:
wanda ya zubar da na shanu dubu
ai ba zai yi rowar cokali biyu ba.

Yanzu ƙwaya huɗu kowace safiya.
Kande ta ɓoye gishiri inda ko ɓera bai sani ba.
Talatu na ɗaura mini awo a dantse,
ta tura wa likita lambobin ta waya.

Jiya na koma bakin teburi.
Zuciyar wani farin sa ta zo hannuna da ɗuminta,
na tsaya ina bin jijiyoyinta da ɗan yatsa,
ina neman inda tawa ta toshe.
Mai saye ta buga teburi, ta ce, "Malam, sauri nake."
Na ce, Hajiya, yi haƙuri kaɗan,
yau ne na fara ganin abin da nake sayarwa.