Abin da Leda Ba Ta Faɗa Ba

Shekara talatin ina tuyar ƙuli a Kumo,
tafin hannuna ya sha mai har ya manta da kaushi.
Da gyaɗa na yi rufin kwano,
da ita na biya wa uban yaron nan makaranta.

Sai ga Rumasa'u ta kawo mini jika hutu,
tun daga zaure take kafa doka:
"Goggo, kada Zulkiflu ya taɓa gyaɗa."
Na ce a raina, iyayi dai,
yaushe ruwa ya fara cin ɗan kada?

Bayan la'asar na ɓallo masa ɗan guntu,
bai kai farcen ƙaramin yatsa ba.
Ya tauna, ya yi mini dariyar giɓi.

Kafin in kwashe kasko na biyu
leɓe ya tashi kamar ƙullun da ya kwana,
borin jini rudu-rudu har bayan kunne,
numfashi na fita da 'yar ƙara
irin ta iska a kafar ƙyaure.
Ban san ba takalmi a ƙafata ba
sai da tsakuwar asibiti ta gaya mini.

Allura ɗaya a cinya.
Muka tsaya muna ƙirga tashin ƙirjinsa.
Mai jinya ba ta yi mini faɗa ba.
Da ma ta yi.
Cewa kawai ta yi, kowane jini da abin da ya ƙi:
wani ƙwai, wani nono, wani riɗi,
akwai wanda kifi ke shaƙe wa wuya.

Ni da ban yi boko ba,
yau na san kamannin kalmomi biyu na Turanci
yadda makiyayi ke sanin tabon saniyarsa.
A kanti nakan juya biskit ta baya,
in kanne ido kan rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi.
Mai kanti ya gaji, ya ce, "Goggo, saye ko duba?"
Na ce duba, ɗan nan. Saye na da sauƙi.

To, tsiren bakin tasha fa, wa ya rubuta yajinsa?
Masar da ke cikin leda ba ta faɗin man da ya soya ta.
Miyar gidan suna ba ta da baki.

Shi ya sa ƙullin yajina yanzu da 'yar takarda,
ɗan maƙwabta ya rubuta mini da jan biro:
akwai gyaɗa a ciki.
Matan layinmu suna dariya,
wai ko da me ake yin sa da?
Su yi.

Ran da za su zo, ba na hura wuta.
In wanke hannu sau uku da sabulu,
in sake zane, in kife turmi.
Yana shigowa da gudu, hannu a buɗe,
ni kuwa sai na sansana yatsuna tukuna.