Sunan Ludayi

Ban san faɗuwar ba, labarinta aka ba ni.
Wai akuya ta gilma a kwanar Shuwarin,
babur ya yi gabas, ni na yi yamma,
buhun gero ya fashe bisa kwalta,
kajin unguwar suka ci kasuwarsu.
Ni dai na buɗe ido a asibitin Dutse,
fanka ce ke juyawa ko ɗakin, ban rabe ba.

Likita ta haska min ido da 'yar tocila.
Na ce, ina babur ɗina?
Uwani ta ce karo na bakwai ke nan ina tambaya.
Likitar ta ja ta gefe, ina jin su sama-sama:
in ya yi amai ya sake, ku dawo,
in an tashe shi bai tashi ba,
in magana ta sarƙe, in hannu ɗaya ya saki,
ko tsakar dare ne, kada ku jira asuba.
Ban da babur, ban da gona, ban da tsura wa waya ido.
Na ce, riɗina ya nuna.
Ta ce, riɗi ana sake shukawa baɗi.

Gida. An rataya zane a taga.
Dakan da na girma ina ji bai taɓa damuna ba,
yanzu kowace taɓarya a ƙeyata take sauka.
Uwani ta kai turminta gidan Tabawa,
ta kwana zaune, tana sauraren numfashina.
Na yi sujada, kaina ya buga kamar ganga,
Liman Shekarau ya ce, yi a zaune,
Mai shi ya san abin da ya same ka.

Rana ta uku aka kawo fura.
Na miƙa hannu, na ce ba ni...
ba ni...
Ga shi nan a ƙwarya, na san wuyansa, na san bakinsa,
sunansa ya ƙi zuwa.
Ladiyo, 'yar shekara shida, ta ce, Baba, ludayi.
Ta yi dariya. Ni na juya bango.

Rana ta biyar na ji garau, na saci jiki,
na ɗauki lauje na bi ta bayan danga.
Ban kai tsamiyar Barau ba
ƙasa ta karkace kamar faifai a hannun mai sheƙa.
Na zauna a kunya, kunya ta kama ni.
Barau ne ya rako ni, bai ce komai ba,
laujen kawai ya riƙe, bai mayar ba.

Ranar Alhamis na ji su tun da sassafe,
mutum tara, an ce, har da wanda nake bi bashi.
Kafin la'asar riɗin yana tsaye ɗauri-ɗauri.
Ni da ban taɓa rasa gayya ba,
gayyata aka yi ina kwance.

Daga nan sai na koyi ƙirga da kaɗan-kaɗan.
Yau zaure. Gobe bakin rijiya.
In kai ya sara, in koma inda na tsaya jiya.
Ladiyo ta zama malamata,
ta ɗaga abu, in faɗi sunansa:
mara, muciya, tsintsiya, akushi.
Ran da na ce ludayi kafin ta ɗaga
ta ce na yi satar amsa.

Mako uku, likita ta sake haska idon,
ta ce a hankali, kuma kada a ƙara na biyu.

Hular kwanona tana bayan rumbu tun bara,
kaza ta mai da ita akurki, ƙwai huɗu a ciki.
Na tsaya kanta na daɗe.
Na samo tsohuwar ƙwarya, na kwashe mata su,
tana ta masifa,
na ce yi haƙuri, wannan ƙwan
ya fi naki saurin fashewa.