Hannun da Ba Su Rufe Ba

Sun dusashe fuskata,
sun kumbura muryata ta koma ta ƙato,
suka rubuta a ƙasa: "Wata ma'aikaciya, Yamai."

Daren da aka nuna fim ɗin
muna tsakar gida a Bukoki, wuta ta dawo ke nan.
Mai bayani yana lissafi:
rijiya tamanin a takarda,
a ƙasa ko guga ɗaya bai jiƙe ba.
Kuɗin sun hau jirgi marar fiffike,
sun kwana a wani tsibiri,
sun farka da sunan kamfanin da ba shi da ƙofa.

Maƙwabta na ta salati.
Inna ba ta ce uffan ba.
Hannun take kallo,
wanda suka manta ba su rufe ba:
tabon man tuya a gindin babban yatsa.

Shekara tara hannun nan yana buga hatimi.
Ban ci ko dala ba.
Ban kuma tambaya ba.

Da aka watse ta miƙo mini jarka:
"Habsu, ɗebo mana ruwa
tun layin famfo bai yi tsawo ba."

Sai da na kai ƙofa ta ƙara da cewa,
"Gobe ki zo in ƙunsa miki lalle."