Ɗan Canji Ya Karanta Labarin Rumawa

Balaraba ta manta takardunta a shago,
ƙarƙashin injin ƙirga kuɗi.
Wai jarrabawa gare su ran Talata a Akoka,
kan mutanen da suka shuɗe tun Ikko tana ƙauyen masunta.
An ɗauke wuta, ruwa na zuba a Balogun, ciniki ya kwanta,
sai na sa tabarau na buɗe.

Rumawan gabas.
Ashe birninsu ma a bakin ruwa yake,
ruwa ta dama, ruwa ta hagu,
jirage na jiran layi kamar a Apapa.
Kustantiniyya. Sai da na faɗa sau uku harshe ya yarda.
Ganuwa ruɓi-ruɓi, wata bayan wata,
mu da guda ɗaya muke cika baki a Katsina.
In yaƙi ya taso su ja sarƙa a mashigin teku
yadda Sallau maigadi ke ja wa motoci a layinmu.
Suna da wutar da ke ci a kan ruwa,
sun ɓoye sirrinta har ya ɓace musu.
Tsutsar siliki ma, an ce, a cikin sandar gora
aka sato musu ita daga gabas.

Duk wannan na wuce shi da sauri.
Ni ɗan canji ne, inda na tsaya daban.

Dinarinsu.
Shekara wajen ɗari bakwai bai rage nauyi ba!
Balarabe ya karɓa bai ciza ba,
Bafarishe ya karɓa, ga su abokan gaba,
mutanen ƙanƙara sun gangaro kogi da fatu da zuma
don su koma gida da shi a lalita.
Ni kuwa yau tun hantsi
sau uku Jatau na kira yana canja mini farashi.

Sai shafi na tara.
Aka fara sirka zinarin da azurfa,
kaɗan-kaɗan, kamar mai nono da ruwan rafi,
daga azurfa aka gangara tagulla.
Hoton sarki na nan, rawaninsa bai goce ba,
ma'auni ne kawai ya ƙi yin ƙarya.
Aka yafe wa fataken Banadiƙa kuɗin fito,
ɗan gari na biya, baƙo na wucewa.
Na cire tabarau na goge.
Ban san me ya shiga idona ba.

Kuma waɗanda suka fara fasa birnin
masu gicciye ne irin nasu,
sun ɗaura niyyar Ƙudus, bashin masu jirgi ya karkato da su.
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
har cikin mai sulke.
Suka kwashe dawakin tagulla, suka narke gumaka suka buga kuɗi.
Kafin Turkawa su iso da igwa,
su ja jirage ta kan tudu bisa gungume mai maiƙo,
bangon ya daɗe da tsagewa.
Ƙadangare bai yi laifi ba.

Wajen la'asar ta dawo a jiƙe, tana haki.
Baba, ka ga takarduna?
Na ce ga su, na ɗan leƙa.
Ta ce to wace shekara birnin ya faɗi?
Na ce wannan ke za a tambaya.
Ni da ina can, da na rufe shago
tun ranar da aka fara sirki.
Ta yi dariya, ta ce ba ya cikin manhaja.

Wuta ta dawo, injin ya yi tari.
Wata Bayarabiya ta miƙo dala ɗari ta taga.
Na ɗaga ta sama, na duba fuskar da ke ciki,
na daɗe ina dubawa
har ta ce, Alhaji, lafiya?