Taƙi Biyu

Da hantsi sabon injin ya iso Gamkalle
naɗe da tamfol a bayan akori-kura.
Mu shida muka sauke shi, sarƙa tana kuka.
Tankari mai jirgin ya tsaya nesa da maiƙo,
ya tattare bakin riga, ya ce:
ku kai shi can ƙurya,
ku manna shi da bangon baya,
tsakiya ta baƙina ce, kujeru nake so.

Na so in yi magana, na haɗiye.
Tsohon da muka cire buhun gero biyu ne,
wannan ya kai huɗu, har da ɗoriya,
amma wanda ya biya kuɗi
ba ya son a nuna masa igiyar awo.

Muka ɗaure shi inda ya ce.
Da la'asar na murɗa makulli.
Gindi ya nutse, goshi ya tashi sama
kamar dorina tana hamma,
farfela na haƙar rami a ruwa,
ni kuwa ba na ganin gabana,
sai sama da ƙarfen Gadar Kennedy.
Masu wanki a gaɓa suka ajiye sabulu
don su yi dariya da hannu biyu.

Tsoho Munkaila bai yi dariya ba.
Shekara talatin yana sauko da kabewa
a kwale-kwale mai ɗinki a ciki,
bai taɓa riƙe sifana ba.
Ya cire takalmi, ya hau jirginmu,
ya tsaya a baya, ya saurara da tafin ƙafa,
ya matsa kaɗan, ya sake matsawa,
har ruwan da ke kwance a ƙasa
ya rasa inda zai gangara.
Nan ya ja layi da gawayi.
Ya ce, kogi ba ya tambayar ƙarfinka,
inda ka zauna yake tambaya.

Taƙi biyu ne kacal.
Taƙi biyun nan sun ci mini kwana tara:
toshe tsofaffin huda, yanka sabbin ƙafafu,
neman sandar da za ta haɗa inji da ƙafar baya,
na same ta a Katako, ƙarƙashin tulin tsatsa.
Na shafa wa ƙarfen gwaji maiƙo, na zura,
ya cije ta hagu.
Na sassauta noti rabin juyi, ya cije ta sama.
Sai a dare na takwas, da tocila a baki,
ya shige shiru,
ya fito da zanen haƙora daidai ko'ina.

Ran Talata muka koma ruwa.
Goshi ya ɗaga sau ɗaya, gaisuwa kawai,
ya kwanta, jirgi ya hau bayan kogi,
Gudel ta taho mana da gudu,
kofin shayin da na manta a benci
bai zubar da ko ɗigo ba.

Tankari ya ƙirga kujeru, ɗaya babu.
Ya sake ƙirgawa, ya zabge mini jaka biyar.
Ban yi musu ba.
Layin gawayin yana nan ƙarƙashin katako,
na bi shi da fanti kafin in rufe.