Sunan da Na Haɗiye

A tashar Yauri ya same ni,
ana sauke buhunan shinkafa,
ya cusa min takarda cikin ledar goro:
taki tirela tara, an sa hannu an karɓa,
ko mudu bai isa fadama ba.
Ya ce, "'Ya'yana shida, Asabe."
Iyakar roƙonsa ke nan.

Yau a Birnin Kebbi
lauya na nuna ni da biro:
"Wa ya ba ki?"
Fanka ta tsaya. Alƙali na fifita da fayil.
Lauyata na ta buɗe kundi,
tana laluben layin da zai yi min inuwa.

Ku auna takardar.
In ƙarya ce, ga wuyana.
Amma wanda ya nuna maka rijiya
ba ka tura shi ciki.
Sunan nan na haɗiye shi,
na kora da ruwan Kwara.