Jajibirin Shari'a a Ankud

Teburin kicin ne ofishina yau.
Na ture kwanon dankali gefe,
na baje iyakar gaskiyar da na mallaka:
tikitin jirgin fito da ruwa ya lashe rabin kwanan watansa,
rasit na kantin magani a Puerto Montt,
ƙarfe tara da minti goma sha huɗu,
maganin tarin 'yata Ayelen.

Sun ce a wannan daren
ni na cinna wa rumbun tarun Barrientos wuta.

Lauyata Fresia Oyarzo,
shari'a arba'in ke jakarta ban da tawa,
ta ce, "Eliseo, gaskiya gurguwa ce,
ba ta zuwa kotu sai a goye.
Kawo takarda. Kawo mai baki."

Na je wa Nibaldo mai yagar tikiti.
Ya ce fuska dubu ke wuce shi kullum,
wa ke ƙirga tsuntsayen teku?
Har na juya, ya kira ni:
"Ba kai ne ka zagi uwata ba
a kan canjin peso ɗari biyar?"
Ni ne, wallahi ni ne!
Ban taɓa gode wa mugun bakina ba
sai ran nan.

Surukina Rigoberto ya zo da kwalba,
ya ce zai rantse muna tare har asuba.
Ba ma tare.
Na ce ya zauna gida,
wake ɗaya ke ɓata gari.
Ya fita bai rufe ƙofa ba.

Saura tsohuwa Herminia,
ta gan ni na sauko daga motar ƙarshe,
ta tuna hulata, ta tuna ledar magani,
sai dai Talata da Laraba
sun zame mata tagwaye.
An hana ni sa mata magana a baki.
Na faskara mata itace,
na gyara mata murhu,
kalmar Talata tana ƙona min harshe,
na haɗiye ta.

Yanzu ruwa na dukan kwano.
Na goge rigar aro,
wuyanta ya fi nawa faɗi.
Na sa tikitin a leda, ledar a aljihun ƙirji,
na taɓa, na sake taɓawa.

Ayelen ta leƙo tana tari:
"Baba, gobe in dafa da kai?"

Na ce ta dafa.
In ya huce, a ɗumama.